Ni marainiya ce, saƙa ke riƙe da gidanmu: in koma makaranta ko in haƙura?

"Assalamu alaikum Anti. Shekarata 18. Babanmu ya rasu ina da shekara 14, mamanmu kuma ta bi shi bayan shekara biyu. Mu uku ne, ni ce babba, sai ƙanina mai shekara 12 da autarmu mai 8, muna zaune wurin kakarmu. Na bar makaranta saura shekara ɗaya in gama sakandare. Yanzu saƙa nake yi, jakunkuna da kayan jarirai, da ita muke rufa wa kanmu asiri, ina samun oda sosai amma kuɗin baya taruwa. Burina in zama nas. Kawunmu ya ce in haƙura da boko tunda ina da sana'a, shi ma ƙanin nawa a cire shi a kai shi wurin kafinta. Ni kuma wallahi raina na kan karatu. Anti da gaske sana'ar hannu na fitar da mutum daga talauci? Kuma ta yaya zan haɗa ta da karatu?"

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan mahaifanku ya sa sun huta, ya ƙara wa kaka lafiya da nisan kwana. Sau biyu na karanta saƙonki, kuma abin da ya fi tsaya min a rai shine wannan 'yar maganar da kika wuce da sauri, wai kina samun oda sosai amma kuɗin baya taruwa. Ki riƙe ta, za mu dawo kanta, don nan gizo ke saƙar.

In na fahimce ki daidai tambaya uku kika dunƙule wuri ɗaya. Ko saƙar nan za ta iya ɗaga ku daga inda kuke, ko akwai hanyar da za ki koma karatu ba tare da tukunyar gidan ta mutu ba, sai kuma maganar ƙaninki da kafinta. Ni shekaru na yi ina koyar da matasa sana'ar hannu a wata cibiya, yawancinsu marayu, ɗinki da saƙa da haɗa jaka da takalmi, kuma na ga waɗanda suka fita na ga waɗanda har yau suna nan inda na bar su, toh daga nan zan yi miki magana.

Abin da ke faruwa da karatun maraya

Da farko ki sani halin da kike ciki abu ne da aka daɗe ana nazarinsa. Asusun UNICEF na kiran duk yaron da bai kai 18 ba kuma ya rasa uwa ko uba ko duka biyun maraya, kuma a ƙiyasinsu na 2015 irin waɗannan yaran sun kusa miliyan 140 a duniya, kusan miliyan 15 daga ciki sun rasa duka iyayen biyu kamar ku. Mafi yawansu ba a gidan marayu suke ba, suna hannun iyayen da suka rage ko kakanni ko dangi.

Wani bincike da aka wallafa a 2004 kan ƙasashen Afirka 10 ya gano abin da ni ma na sha gani da idona: maraya ya fi yiwuwar rashin zuwa makaranta ko da an kwatanta shi da yaran gidan da yake zaune a ciki, kenan tukunya ɗaya suke ci amma ɗan gida na aji shi yana gida ko yana aike. Kuma gwargwadon nisan dangantakarsa da mai gidan gwargwadon yadda karatun ke zamewa. Wani binciken kuma a yankin Kagera na Tanzaniya ya bi yara tun farkon shekarun 1990 har zuwa 2004, ya ga waɗanda suka rasa uwa suna ƙanana sun tashi da ƙarancin karatu na kusan shekara ɗaya, har tsawonsu ya ragu da kusan santimita 2. Kinga kenan rashin kuɗi ɓangare ne kawai, ɗaya ɓangaren shine rashin mutumin da zai tsaya ya ce yaron nan sai ya je makaranta gobe, ya duba littafinsa, ya je ya ga malami in an kira. A gidanku wannan kujerar ke ta faɗo wa, tun kina 16, ba tare da an tambaye ki ba. Abu ɗaya da kuke da shi na sa'a shine kuna tare ku ukun kuma a hannun kaka, ba a rarraba ku gidaje ba. Ki riƙe wannan da kyau, duk shawarar da za ta raba ku a yi mata dogon tunani.

Sana'a na fitar da mutum, amma ba kowace irin riƙo ba

Amsar gaskiya ita ce eh tana fitarwa, kuma ta fi saurin tsayar da yunwa akan karatu nesa ba kusa ba, don wadda ta iya kwarashi yau za ta iya ganin kuɗi a satin nan, mai karatun nas kuwa sai ta yi shekaru tana kashewa kafin ta ga albashin farko. Kawunki ba shirme yake faɗa ba, abin da ke gabansa yake gani.

Sai dai akwai inda take tsayawa. A Yuganda a 2008 gwamnati ta ba ƙungiyoyin matasa marasa aiki kuɗi su koyi sana'a su sayi kayan aiki, yawanci ɗinki da kafinta da irinsu, masu bincike suka bi su. Bayan shekara 4 waɗanda suka samu tallafin suna samun kuɗi fiye da waɗanda ba su samu ba da kusan kashi 38 cikin ɗari. Da aka koma bayan shekara 9 sai aka tarar waɗanda ba su samu tallafin ba sun kamo su a wurin samun kuɗin shiga. Ni yadda na fahimci wannan, sana'a da kayan aiki na ba mutum saurin tashi, amma hannu biyu da awa ashirin da huɗu suna da iyaka, in kin kai iyakar abin da yatsunki za su iya saƙawa a rana toh kin kai rufin ɗakin kenan sai dai in wani abu ya canza, ko farashi, ko kasuwa, ko ki sa wasu aiki, ko ki samu takarda. Karatu kuma a lissafin da masana Bankin Duniya suka fitar a 2018, kowace shekara ɗaya ta ƙarin makaranta na ƙara wa mutum kusan kashi 9 cikin ɗari na abin da zai riƙa samu, a matsakaicin duniya, kuma na mata ya ɗara na maza. Matsakaici ne fa, ba alƙawari ba, akwai masu digiri a zaune. Amma aikin jinya na cikin ayyukan da ba a shiga sai da takarda da lasisi, kenan a burinki ke babu wata ɓarauniyar hanya.

Yanzu mu dawo kan kuɗin da baya taruwa

Akwai wata yarinya da na koyar, sa'arki ce a lokacin, hannunta ya fi na kowa kyau a ajin, in ta saƙa rigar jariri sai ki juya ta ciki da waje ki rasa inda ta ɗaure zaren. Kullum tana cikin aiki kullum kuma tana cikin bashin mai ulu. Wata rana na zaunar da ita na ce kawo jaka ɗaya mu yi mata lissafi. Muka rubuta zare, zif, shafi, maɓalli, ledar da take sakawa a ciki, kuɗin motar zuwa sayen kaya, datar da take turawa kwastoma hoto. A ce ta sayar da jakar 100, sai muka ga kaya kaɗai sun cinye 65. Na ce toh awa nawa kike yi a kanta, ta ce ba ta taɓa dubawa ba. Muka sa agogo. Awa 9, in an haɗa da ɗinke shafi da sa zif. Kenan 35 ɗin da take kira riba shine ladan aikinta na awa 9, kuma daga cikinsa ake cefane, daga cikinsa ake biyan asarar wadda ta karɓi jaka ta ce sai ƙarshen wata ta ɓace. Ta yi shiru tana kallon takardar, can ta ce Anti ashe kyauta nake yi musu. Ban manta fuskarta ba.

Ina kyautata zaton naki ma haka ne, ko kusa da haka. Kuma tsohuwar matsala ce ta masu aikin hannu a ko'ina. Muhammad Yunus, wanda ya kafa bankin Grameen a Bangladesh ya kuma samu kyautar Nobel a 2006, abin da ya fara tayar masa da hankali a 1976 a ƙauyen Jobra shine wata mata mai saƙa kujerun gora, ba ta da kuɗin sayen gorar sai ta karɓa a hannun ɗan kasuwa bisa sharaɗin shi za ta sayar wa a farashin da ya yanka, ta wuni tana aiki abin da ke rage mata bai taka kara ya karya ba. Da ya ƙirga sai ya ga mutum 42 ne a irin wannan tarkon kuma duka abin da suke buƙata dala 27 ne. Matar nan ta iya aikinta sarai, jari ne babu, kuma ba ita ke yanka farashi ba.

Toh ga abin da nake so ki yi, kuma ki fara shi kafin ki yanke komai game da makaranta. Ki samu littafi ɗaya, na rubutu na 'yan makaranta ya isa, wata ɗaya cur ki rubuta duk abin da ya shiga da duk abin da ya fita, har allura. Kowane kaya ki rubuta awannin da ya ci. A ƙarshen wata ki raba abin da ya rage bayan kuɗin kaya da awannin, za ki ga wane kaya ne ke biyanki wane ne ke cin ki. Sau da yawa mamaki ake sha, manyan kayan da ake yaba miki a kansu, bargon jariri mai zane-zane da jakar da ta sha ado, su ne ke cinye kwana uku su bar ki da ɗan abin da bai kai na safa da hula da takalmin jariri ba, waɗanda kike gamawa cikin awa ɗaya kina hira. In kin gano, ki rage masu cin lokaci ko ki ƙara musu kuɗi ba kunya. Wasu kwastomomi za su gudu, ki bar su su tafi, wanda ke sayen awa tara ɗinki a kuɗin awa biyu tafiyarsa hutu ce.

Kada ki fara aikin oda sai an ba ki kafin alƙalami da zai rufe kuɗin kaya aƙalla. Bashi kuma ki rage shi iya yinki, musamman na 'yan uwa da maƙwabta, na san da wuya, ke yarinya ce su manya ne kuma ana ganin kamar taimakonki ake yi da aka saya ma. Dabarar da nake ba yarana ita ce su jingina abin ga wani, ki ce kuɗin zaren ba naki ba ne na jari ne kuma ba a taɓa shi, ko ki ce kaka ta hana. Kaka za ta ɗauki wannan laifin da murna.

Sannan ki raba kuɗin gida uku a zahiri, ba a ka ba. Uwar kuɗi wato na sake sayen kaya, wannan ko me ya faru ba a cefane da shi. Na gida. Sai na karatu, ko ɗan yaya ne, a ajiye shi inda hannu baya kaiwa da sauƙi, asusun banki ko adashi da mutanen da kika yarda da su. In da hali ki haɗu da wasu masu saƙa biyu ko uku ku riƙa sarin zare tare, sayen ƙulli ɗaya-ɗaya na cikin abubuwan da ke kashe ƙananan masu sana'a ba su sani ba. Rance mai ruwa kuwa, musamman irin na manhajojin waya da ke turo saƙo suna cewa ki karɓa yanzu-yanzu, ki yi nesa da shi, ribar saƙa ba ta gudun da za ta kamo ruwan bashi.

Duk wannan dogon bayanin saboda dalili ɗaya ne: karatu lokaci yake ci kafin ya ci kuɗi. In kina saƙa awa goma a rana don ki samu abin da awa biyar ya kamata su ba ki, babu jadawalin da zan zana miki da zai yi aiki. Awannin da za ki zauna da littafi daga cikin gyaran farashin nan za su fito.

Yadda za ki koma

Shekara ɗaya ta rage miki, wannan kusa ne ƙwarai, kuma abin da na lura da shi a aikina shine kowace shekara da ta wuce komawar na ƙara nauyi, ba don ƙwaƙwalwa ta toshe ba, sai don kunyar zama da ƙanana, da nauyin gida da ke ƙaruwa, da maganar aure da ke shigowa. Waɗanda suka ce min bari in tara kuɗi tukuna in koma, kaɗan ne suka koma. Waɗanda suka sa ƙafa ɗaya a ciki tun da wuri ko da darasi biyu ne a sati, su ne suka fi gamawa.

Ki fara da tsohuwar makarantarki. Ki je da kanki, ki nemi shugabar ko malamin da ya san ki, ki karɓi takardun sakamakonki na baya ki adana, ki tambaya ko za su karɓe ki ki ƙarasa, kuma ki faɗa musu halin da kuke ciki ba ɓoye-ɓoye. Yara da yawa na jin nauyin cewa su marayu ne, alhali sau da yawa akwai rangwame ko tallafi da ba a sanarwa sai wanda ya tambaya. In komawa ajin safe zai yiwu shi ya fi, saboda ke kimiyya kike buƙata, bayoloji da kemistiri da fizis da lissafi, kuma waɗannan suna son malami da ɗakin gwaji, ba irin darussan da mutum zai haddace shi kaɗai a ɗaki ba ne. Sai saƙa ta koma yamma da ƙarshen sati, kayan da suka fi biya kawai.

In gidan ba zai iya jure rashin aikinki na safe ba, akwai ajin yamma ko na manya, ko ki yi rajistar jarabawar kammala sakandare a matsayin mai zaman kanta ki riƙa zuwa darasi na musamman kan darussan kimiyyar. Wannan hanyar ta fi sauƙi ga aljihu da lokaci amma ta fi buƙatar taurin kai, don babu mai kiran suna da safe. Kafin ki biya ko sisi ki tabbatar hukumar jarabawa ta san da wurin, sannan ki je makarantar koyon jinya mafi kusa ki tambayi darussa da makin da suke nema da bakinsu, ki rubuta, kada ki dogara da an ce. Na taɓa ganin yarinya ta yi shekara tana biyan wata cibiya kuɗi, ranar da ta kai satifiket ɗin aka ce mata ba a san shi ba.

Akwai abin da ba zan ɓoye miki ba. Karatun nas in kin samu shiga cikakken lokaci ne, da aji da zuwa asibiti har da kwana, ba za ki iya riƙe gida da kwarashi a lokacin ba kamar yanzu. Kenan shekara ɗaya ko biyun nan da ke gabanki aiki biyu za su yi, ki gama sakandare, ki kuma gina sana'ar ta yadda za ta iya numfashi ba ke a kanta kullum. Ki koya wa wata, ko biyu, ki riƙa ba su aikin da ya fi sauƙi kina biyansu kan kowane guda ke kina yin gamawa da duba inganci da hulɗa da kwastoma. Ranar da kika fara samun ɗan abu daga aikin da ba yatsunki suka yi ba, ranar kika fara sayen lokacin karatunki. Kuma ki fara neman tallafin karatu tun yanzu, gidauniyoyi da ƙungiyoyin addini da na al'umma da hukumomi, ki tanadi takardar haihuwarku ku ukun da shaidar rasuwar iyayenku da hotuna a fayil ɗaya, don irin wannan damar in ta zo kwana kaɗan take bayarwa kuma takarda ɗaya ke sa a tsallake mutum.

Ƙaninki da maganar kawu

A nan ba zan yi kwana-kwana ba, kada a cire shi. Shekara 12 ya yi ƙanƙanta da wuni a shago. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 138 ta 1973 ta sa mafi ƙarancin shekarun fara aiki 15, ta yarda ƙasashe masu tasowa su fara da 14, aiki mara nauyi wanda baya hana makaranta an yarda da shi daga 13 ko 12 a waɗancan ƙasashen, aiki mai haɗari kuwa sai 18. Shagon kafinta akwai injin yanka katako da ƙura da sinadarin fenti, ba wurin da za a saki yaro ba mai kula ba ne. Ban da doka ma, kafintan da bai iya lissafi da karatu sosai ba har abada yaron wani ne, awo da ƙiyasin katako da rubuta wa mai aiki farashi duk boko ne. Na ga samari masu hannu kamar me amma in aka ce su rubuta kuɗin aikin kujeru goma sai sun nemi wani.

Amma koyon sana'ar kansa abu ne mai kyau, kuma nan ne za ki sadu da kawu a tsakiya. Ya je makaranta da safe, ranakun hutu da wasu yammaci ya je wurin kafintan. Ƙasa irin Jamus da ta yi suna a ƙere-ƙere haka tsarinta yake ga masu koyon sana'a, kwana uku ko huɗu a wurin aiki, ɗaya ko biyu a makaranta, na tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi, kuma sai bayan yaro ya gama karatun dole yake shiga. Kafin a kai shi a zauna da ogan a gaban shaida a yi magana a fili, wane lokaci zai riƙa zuwa, me za a koya masa, yaushe za a yaye shi, kuma ba zai taɓa inji ba sai ya girma. Ki riƙa tambayarsa me ya yi yau. In wata uku suka wuce amsar kullum shara ce da aike da sayo wa oga abinci, toh ba koyo yake ba. Maraya ya fi kowa faɗawa wannan, saboda an san babu uban da zai zo ya tambaya.

Shi kuma kawu kada ki tunkare shi da musu, kuma kada ki je da hujjojin da na kawo miki na Yuganda da Jamus ki zazzage masa, zai ji kamar kin raina shi. Ki bari littafin lissafinki ya yi wata ɗaya, ki sa kaka ta kira shi, ki gaishe shi yadda ya kamata ki nuna masa abin da ke shigowa da abin da karatun zai ci da inda kuɗin zai fito. Yawancin dangin da ke cewa a haƙura da boko tsoro suke kada nauyin ya dawo kansu, in ya ga ba cewa kike ya biya komai ba sai ki ga ya sauko. Ki roƙe shi abu ɗaya ƙarami takamaimai wanda zai iya, misali ya zama shi ke zuwa makarantar ƙaninki in an kira iyaye, ko ya ɗauki kuɗin jarabawarki kaɗai. Mutum ya fi kare abin da yake da hannu a ciki.

Sai wata magana da ba ki tayar ba amma dole in tambaya: mahaifanku sun bar wani abu? Fili, ɗaki, haƙƙoƙin wurin aiki, kayan sana'a, bashi a hannun mutane? Na sha ganin marayu na wahalar neman kuɗin fom alhali haƙƙinsu na hannun wani ana cewa ana juya musu. Alƙur'ani a Suratun Nisa'i aya ta 6 ya ce a jarraba marayu, in an ga sun yi hankali a miƙa musu dukiyarsu kuma a kafa shaidu, aya ta 10 kuma ta yi kashedi mai tsanani kan cin ta. Yarinyar da ke ciyar da mutum huɗu da kwarashi ta nuna hankalin. Ki tambaya cikin ladabi ta bakin kaka ko wani dattijo da ake jin maganarsa, ba da zargi ba, a dai san me ke akwai a rubuta.

Inda shawarata ke da iyaka

Ban ga aikin hannunki ba kuma ban ga kasuwarki ba. Akwai wuraren da kayan kamfani masu araha suka cika kasuwa har ƙarin farashi baya yiwuwa, in littafinki ya nuna ko bayan gyara saƙar ba ta biyan awanninki, toh ki duba ƙara wani abu kusa da ita kamar ɗinki ko gyaran kaya, kada soyayyar sana'ar ta rufe miki ido. Kuma ba duk wadda ta bi tsarin nan ta kai ba. Yarinyar jakar nan da na ba ki labari ta gyara farashinta ta gama sakandare, amma wata ƙawarta da ta fi ta ƙoƙari a aji, kakarsu ta kwanta ciwo wata huɗu, kuɗin karatu da uwar kuɗi duk suka tafi magani, ta dawo daga farko. Ba laifinta ba ne, kuma babu littafin lissafin da zai hana irin wannan, shi ya sa nake nacewa kan kawu da dangi da tallafi, gidan mutum huɗu a wuyan mutum ɗaya ciwo ɗaya ke rushe shi.

Ki kula da jikinki ma. Masu saƙa da yawa na zuwa min da ciwon wuya da wuyan hannu da ido tun ba su kai 25 ba, saboda aikin dare a hasken waya da sunkuyo na awanni. Ki riƙa miƙewa kina motsa yatsu duk bayan ɗan lokaci, baƙin zare da sauran masu duhu ki bar su sai da rana. In kuma kika ga barci na ƙaurace miki ko kuka na zuwa ba dalili ko kin daina jin daɗin komai na makonni, ki gaya wa wani babba da kika yarda da shi ko ma'aikacin lafiya, shekara biyu da rashin uwa ba wani nisa ba ne kuma ke ba ki samu zaman yin kukan ba ma sosai, aiki kika kama.

In kin cika wata ɗaya da littafin ki turo min abu uku, kayan da kika fi sayarwa, awannin da kowanne ke ci, da abin da ya rage bayan kuɗin kaya, sai mu zauna mu fitar da awannin karatun daga ciki. Makarantar kuma ki je cikin satin nan, kada ki jira watan ya cika, rajistar jarabawa na da ranar rufewa. Ki gaida min kaka da autarku.